Lissafi ma yana son linzami

Bara na so in yi hasashen yawan hatsin da gonakinmu na kusa da Tasawa za su bayar. Bayanan damina 12 kacal gare ni, amma na loda wa kwamfuta abubuwa 9: ruwan Yuli, ruwan Agusta, ranar shuka, taki da sauransu. Na bi hanyar da Legendre ya wallafa a 1805: a ninka kowane kuskure da kansa, a haɗa, a nemi layin da jimlarsa ta fi ƙanƙanta.

Layin ya dace da shekarun baya tsaf. Saura kaɗan in ce wa Baba ya sayar da abin da ke rumbu, wai kaka za ta yi albarka. Sai na cire shekara ɗaya na sake gwadawa, lissafin ya birkice: wai ruwan Agusta rage amfani yake yi! Ashe hadda ya yi, bai fahimta ba.

Maganin shi ne dabarar ridge ta Hoerl da Kennard, ta 1970. Ana ɗora haraji a kan girman nauyin da lissafin ya ba kowane abu, sai nauyin ya matso kusa da sifiri. Lasso na Tibshirani, na 1996, har yakan zubar da wasu ɗungurungum. Ka yarda da ɗan karkata, ka tsira daga tangaɗi.

Da na sa linzamin, hasashen ya sauko. Na ce, "Baba, ku bar rumbun tukuna." Ya ce da ma ba ya taɓa shi sai hatsi ya yi kai.