ITEN, GARIN DA GUDU BA YA HUTU

A ƙasar Kenya, can gabashin Afirka, akwai wani ƙaramin gari da ake kira Iten. Daga birnin Eldoret zuwa can wajen kilomita 35 ne. Garin yana bisa tudu, a bakin wani babban kwari mai suna Kerio. Tsayinsa bisa teku ya kai mita 2,400, wato ya fi duwatsun Bagzan na ƙasar Ayar. Ƙasar ja ce, akwai ruwan sama, akwai sanyi. Mutanen wurin manoma ne da makiyaya. Suna noman masara, suna kiwon shanu da tumaki.

Baƙon da ya kwana Iten, ba zakara kaɗai ke tashe shi ba. Tun da jijjifi zai ji ƙarar ƙafafu bisa hanya. Samari ne da 'yan mata, garke-garke, suna gudu cikin raɓa. Ba mai hira. Suna farawa sannu-sannu, kamar masu bin jaki, sai jiki ya ɗau zafi sannan su ƙara. Da hantsi kuma su sake fita. Abincinsu tuwon masara ne da ganye da wake, sai shayi da madara.

Tudun yana taimakon su. Can sama iska ba ta ƙosar da mutum kamar ta ƙasa. Wanda ya daɗe wurin, jikinsa yakan ƙara jajayen ƙwayoyin jini, don ya ɗauki iskar da ta ishe shi. In ya sauko ƙasa tsere, numfashinsa ya fi tsawo. Amma tudu kaɗai bai isa ba. Akwai tuddai da yawa a duniya da ba su ba da gwani ko ɗaya ba.

A cikin garin akwai wata makarantar kwana ta maza, sunanta Saint Patrick. A shekarar 1976 wani malami ɗan ƙasar Ailan, Colm O'Connell, ya zo koyar da labarin ƙasa. Da ya zo bai san kome ba game da gudu. Wurin yaran ya koya, da kallo da tambaya. A 1988 wani tsohon ɗan makarantar, Peter Rono, ya ci lambar zinariya ta tseren mita 1,500 a wasannin Olamfik na birnin Seul.

To, ga inda matsalar take. Lokacin karatu, yaro yana da abokan gudu, yana da mai duba shi, yana da lokacin tashi. Ranar da aka ba da hutu, duk wannan ya watse. Kowa ya koma ƙauyensu. Namiji ya bi shanu, mace ta shiga ɗiban ruwa da itace da daka. Ga shi kuwa jiki ba ya ajiyar gudu kamar yadda rumbu ke ajiyar hatsi. Wanda ya bari mako uku ko huɗu, numfashinsa zai soma raguwa. In ya dawo ya ce sai ya kama inda ya tsaya a rana ɗaya, nan ne yake jin ciwo a gwiwa ko a ƙwauri. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Saboda haka a 1989 malamin ya buɗe zangon horo na lokacin hutu, sau biyu a shekara, cikin Afrilu da Disamba. Ya kira yara daga makarantu dabam-dabam, har da 'yan mata, waɗanda a da ba a cika kula da gudunsu ba. Suna zama tare 'yan makonni, su yi gudu, su ci, su huta, sannan su koma gida da sanin abin da za su riƙa yi.

Abin ya yi albarka. Sally Barsosio, ɗaya daga 'yan matan da malamin ya horar, ta zama zakarar duniya ta mita 10,000 a 1997. David Rudisha kuma, ɗan ƙabilar Masai makiyaya, a zangon nan aka ba shi shawara ya gwada mita 800. A 2012, a Landan, ya yi su cikin minti 1 da sakan 40.91, gudun da ba a taɓa gani ba, ya ɗauki zinariya. A farfajiyar makarantar an yi ta shuka itace da sunan gwanayen, har wurin ya cika da inuwa.

Ba kowane gari ke da zangon horo ba. Amma dabarar Iten ba ta kuɗi ba ce. Yara uku ko huɗu na ƙauye ɗaya sun isa garke. Su sa lokaci guda, da sanyin safiya, kafin a tafi gona. Ranar da aikin gona ya yi nauyi, a rage tsawon gudun, a yi shi a hankali. Abin gudu shi ne a bari gaba ɗaya. Uban da ya ba ɗansa ko ɗiyarsa rabin awa da asuba, gonarsa ba za ta kwana ba a nome ba.