Mai Ci Ko Mai Rabo: Wa Ya Fi?

Akwai gardamar da muka daɗe muna tafkawa a gidan kallon ƙwallo na nan Sifawa, wai a 'yan wasan da Kano Pillars ta taɓa yi, wa ya fi? Yawancin samari Ahmed Musa suke kamawa, saboda ƙwallo 18 da ya zura a kakar 2009/2010, har ya fi kowa ci a gasar Najeriya. Ban musa ba, amma ni gwanina Rabi'u Ali ne, wanda ake kira Pele.

Dalilina kuwa, mu 'yan kallo idonmu na kan raga, ba ma duban inda ƙwallo ta taso. Ɗan tsakiya irin Rabi'u shi ke riƙe ta idan an matsa, ya ɗaga kai ya hango wanda ya kuɓuce, ya aika masa daidai ƙafarsa. Ranar da ya yi sanyi kuwa, 'yan gaba sai su yi ta gudun banza. Musa ya tafi Holan a 2010, amma Pillars ta ɗauki kofin gasar a 2012, 2013 da 2014, sau uku a jere, Rabi'u na tsakiya. Kai, ko a Rasha a 2018, ƙwallon farko da Musa ya ci Aisland, ai Victor Moses ne ya kawo masa ita daga gefe. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Don Allah mai karatu, in ka je kallo, bi ɗan tsakiya da ido na minti goma kacal, sannan ka yanke hukunci.