Katin Inna a Aljihun Maigida

Ƙarancin takardun Naira na farkon 2023 ya tilasta wa tsofaffinmu abin da suka daɗe suna gudu, wato kai kuɗi banki. Ina da rumfar POS a Coal Camp, tsohuwar unguwar masu haƙar kwal ta Enugu wadda yau masu sayar da kayan mota suka cika. A rumfar nan na gane cewa mai cutar da tsoho a kan kuɗinsa sau da yawa ba ɗan damfara ba ne daga nesa. Wanda suke kwana ɗaki ɗaya ne.

Akwai wata dattijuwa mai tuyar waina, ta haura shekara sittin. Da ta buɗe asusu, maigidanta ya karɓe katin da lambar sirrin, wai ba ta iya karatu ba. Masu saye suna tura kuɗi, saƙon banki yana shiga wayarsa. Ita ke tashi tun kafin asuba ta hura wuta, amma kuɗin maganin hawan jininta sai ta roƙa. Ran da ya manta katin a gida ta lallaɓo wurina ta ce, "Ɗana, duba mini abin da ya rage." Na faɗa mata. Ta jima ba ta ce komai ba, sannan ta ce, "Kada ka gaya wa kowa. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba."

Wannan shirun shi ne garkuwar mai cin amana. A gida, a Kano ko Katsina, mace irinta tana da ƙannai da 'ya'yan 'yan'uwa da za su tsaya mata. A nan baƙunta muke, dangi suna can nesa, kuma kowa yana tsoron a ce Hausawa sun tona asirin juna a garin mutane.

Maza ma ba su tsira ba. Na san wani tsohon dillalin shanu a Gariki, nan Enugu, da yanar ido ta rufe masa gani, amaryarsa ce ke riƙe da wayarsa, har jarin ya ƙare bai san inda ya bi ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda ake kiran wannan taimako. Wanda ke taimakonka da gaske yana karanta maka lissafi, ya mayar maka da katinka. Musulunci ya bar wa mace dukiyarta, sadakinta da gadonta da ribar sana'arta, miji ba shi da ikon taɓawa sai da yardarta. Dokar hana cin zarafin mutane ta 2015 ta lissafa tauye wa mutum dukiya cikin nau'o'in cin zarafi, Jihar Enugu kuma ta yi tata a 2019. Amma tsohuwar da ke jin nauyin ambaton sunan mijinta ba za ta kai shi kotu ba, sai dai maganar ta fito daga bakin liman ko Sarkin Hausawa.

Ni dai yanzu idan aka kawo katin tsoho ba tare da mai shi ba, ba na cirewa sai na ji muryarsa. Na rasa masu ciniki saboda haka, wasu har da zagi.

Ku da iyayenku ke zaune a Enugu, Onitsha ko Fatakwal, idan kun tura kuɗi kada ku tsaya ga "sun shigo". Ku kira Inna ita kaɗai, ku tambaye ta nawa ya iso hannunta, kuma katinta yana wurin wa.