Mun Je Sayen Fenda A Suame Magazin

A wannan wata mun ajiye alli mun ɗauko zancen ƙarfe.

Kowa ya san albashin malamin makaranta, ba ya ganin ƙarshen wata. Shi ya sa muka ci bashi a asusun malamai muka sayi tsohuwar Toyota Corolla ƙirar 2005, muka ba ƙanenmu yana tasi da ita a cikin Kumasi, abin da ya kawo da yamma da shi ake rage bashin. Ran nan sai wata tirotiro ta goge shi a Aboabo. Alhamdu lillahi ba wanda ya ji ciwo, amma mai gyaran jikin mota ya ce ƙofa za ta bugu, ita kuwa fendar gaba ta dama ta yage, sai dai a sake wata. Mota tana ajiye, bashi kuwa ba ya ajiyewa.

Ranar Asabar muka nufi Suame Magazin mu kaɗai, don kada mu biya mai gyara ladan rakiya. Ga wanda bai san wurin ba, gari ne guda na makanikai da masu walda da 'yan kayan gyara, sunansa kuma ya samo asali daga rumbun makaman soja na zamanin Turawa, inda masu sana'ar suka fara zama kafin a maido su Suame. Ƙofofi da bonet da bamba jingine ko'ina, waɗanda aka kwance daga motocin ƙasashen waje, ana kiransu hom yus. Muka ga wata fenda fara tas tana sheƙi, muka yi ciniki har muna yabon kanmu, muka ɗauko.

Mai gyara bai ko ɗora ta ba, ya dube mu ya ce, "Ticha, wannan ai ta Turai ce, taku kuwa ta Amurka ce." Ashe suna ɗaya, shekara ɗaya, amma jiki daban: fitila ba ta zama a gurbinta, ramukan noti ba su haɗu ba. Mai kaya ya ce shi ba ya maida kuɗi. Sai da aka haɗa shi da Allah da Annabi ya yarda a yi musaya, mu yi ciko.

Komawa ta biyu tare da mai gyara muka yi, kuma nan ne muka zauna ajin da ba a koya mana a kwalejin horon malamai ba. Ya sa muka ɗauki yagaggiyar fendar don a gwada. Kowacce aka miƙo masa, ba ya duban fuskarta, juya ta yake ya dubi ciki, domin nan sawun guduma da walda suke ɓuya. Sai ya bi bakin da ke zagaye da taya da yatsa yana neman tsatsa, ya ce ƙasashen sanyi gishiri suke zubawa a titi don ƙanƙara ta narke, shi ke cin ƙarfe ta ƙasa. Daga nan ya zaro ɗan maganaɗisu daga aljihu. Wata mai ƙyalli da muka fara nunawa da baki, yana ɗora mata shi ya zame ya faɗi, don an cike ramin tsohon haɗari da fila an fesa fenti. Kunya ta kama mu. Shekara nawa muna koya wa yara cewa maganaɗisu ƙarfe yake kamawa, ga shi nan kulle cikin kabad ɗin makaranta.

A ƙarshe wata koriya ya zaɓa, duk ƙarzuna, fentinta na asali ya koɗe. Muka ce, "Haba Masta, wannan mummunar?" Ya ce, "Ticha, ka manta tasi ce? Ko wace kala ce, ruwan ɗorawa za mu fesa mata." Gaskiyarsa, haka fendar tasi take a Ghana.

Kwana 9 motar ta yi a ajiye. Bashin watan nan da kuɗin ɗinkin Sallar yara muka biya shi, kuma har yanzu uwargida ba ta gama yi mana magana a kai ba.