Mai Riƙe da Igiya Ba Ya Amsa Sallama

A Bonkuku na tashi, cikin Dallol Boso, inda ruwa ba ya da nisa. Mai garkar dankalin turawa zai haƙa gaba biyu ko uku ya tarar da ruwa. Amma kawuna, wanda yasar rijiya ce sana'arsa, ba a nan yake samun kuɗinsa ba. Ƙauyukan kan tudu na ƙasar Kurfai, wajen Filinge, su ke aikowa a ɗauke shi, domin can ne rijiya ke kai gaba ashirin har fiye, ka leƙa ba ka ganin komai sai ɗan haske kamar ƙwayar ido. Ina ɗan shekara goma sha uku ya fara tafiya da ni. Manya ke zura shi, ni kuma a ba ni igiyar guga, in riƙa fito da laka.

Ranar farko, kafin ya shiga, ya kama ni a kafaɗa ya ce, "Yaro, muddin ina ciki, ko hakimi ne ya yi maka sallama kada ka amsa. Muryata kaɗai za ka ji." Na ɗauka tsoratarwa ce irin ta manya. Sai da wata rana wata tsohuwa ta zo tana tambayata lafiyar mutanen gida, na waiwaya in amsa, guga cike da laka ta bugi bakin rijiya, wani ɗan dutse ya ɓalle ya faɗa. Bai same shi ba. Da ya fito bai ce mini uffan ba, bai kuma dake ni ba. Har muka koma Bonkuku a kan amalanke bai dube ni ba, kuma da ya dake ni da ya fi mini sauƙi.

Shekaru suka ja, na sauka Yamai neman abinci kamar sauran samarin garinmu. Na fara da dakon lasifikoki wajen wani mai ba da hayar kayan sauti, daga nan na koma ɗaura fitilu, har aka yarda da ni aka ba ni akwatin sarrafa injinan sarƙa. Lokacin aikin na da kasuwa. Bikin 18 ga Disamba yana zagaya jihohi, Doso a 2014, Maraɗi a 2015, Agadas a 2016, Tawa a 2017, Damagaram a 2018, kuma kowane gari na son dandamali irin wanda ake gani a talbijin. A Yamai kuwa ga Palais du 29 Juillet, ga filin wasa na Seyni Kountché, ga Cibiyar Al'adu ta Oumarou Ganda.

Ga wanda bai san aikin ba: duk fitilun nan da manyan lasifikoki da allon hoto da kake gani sama da kan mawaƙi, a jikin wata gada ta alminiyom aka ɗaure su. Ana harhaɗa gadar a ƙasa, a ɗaura mata kayan, sannan injinan lantarki su hau da ita ta sarƙa. Masu aikin na kiran injin falan, daga Faransanci. Akwai mai ɗaukar kilo 250, akwai 500, akwai tan ɗaya. Yawancinsu mita huɗu suke tafiya a minti, wato wajen santimita bakwai a daƙiƙa, abin da ido ke gani kamar tafiyar hawainiya. Wayoyinsu duka na haɗuwa a akwati ɗaya. Kowane inji na da ɗan makunninsa mai wuri uku: sama, tsakiya, ƙasa. Sai maɓalli guda wanda in ka danna duk injinan da ka zaɓa su motsa tare, in ka ɗaga yatsa su tsaya. Sai kuma jan maɓalli babba na yanke wuta gaba ɗaya.

Yaro ɗan firamare zai iya koyon danna wannan cikin minti biyar, kuma nan matsalar take. Masu shirya taro na ganin abin kamar kunna talbijin ne, shi ya sa in kana jinkiri suke ɗauka iyayi kake yi.

Abin da ya same ni a wani gari ne da ba zan ambata ba, a taron wani kamfani. Gadar gaba tana rataye da injina uku na tan ɗaya ɗaya, kayan da ke kanta da nauyinta sun kai wajen kilo 1,200. Mutum zai ce tan uku na ƙarfi a kan tan ɗaya da ɗan abu, ai ko kusa ba a kai ba. Amma nauyi ba ya rabuwa daidai. In gada ɗaya ce miƙaƙƙiya a kan injina uku, kaya kuma shimfiɗe bai ɗaya, na tsakiya shi ke ɗaukar kashi 62 da rabi cikin ɗari, na gefe biyu su raba sauran. Ke nan na tsakiyarmu na ɗauke da kilo 750 tun kafin a yi wani kuskure.

Saura ƙasa da awa guda a buɗe ƙofa aka ga fitila ɗaya ta mutu, dole a sauko da gadar. Na riga na sa na tsakiya a wurin tsayawa tun lokacin da muke daidaita gefuna, ban mayar da shi ba. Ina riƙe da akwatin sai ga mai shirya taron a kaina, yana cewa babban baƙo ya taso, mai sauti na kirana ta can, waya na ruri a aljihuna. Maigidana, wanda shi ne ya kamata ya ba ni umarni, yana can ƙarshen dandamali yana duba hanyar sarƙa. Wani ya ce "sauke", ban san ko wane ne ba har yau. Na danna, fuskata na wajen mai taron ina ba shi haƙuri.

Gefuna biyu suka fara sauka, tsakiya na tsaye. Daƙiƙa biyu ko uku ne kawai, amma sun isa nauyin duka ya koma kan inji ɗaya da mahaɗar gadar. Na ji wata ƙara, ƙas, kamar an karya kara. Sai muryar maigida, "Tsaya!" Na ɗaga yatsa. Da na ɗaga kai na ga gadar ta lanƙwasa kamar baka, sarƙoƙin gefe sun saki, kuma daidai ƙarƙashinta akwai wani yaro durƙushe yana manna waya da salatif. Bai ma san abin da ake ciki ba.

Sarƙar ta riƙe. Ana ƙera irin waɗannan injina da rarar ƙarfi mai yawa, kuma wannan rarar ce ta rufa mini asiri, ba wata dabara tawa ba. Aka fitar da kowa, muka ɗaga gefunan da ɗan taɓi-taɓi har ta daidaita, muka sauke ta, aka cire ɓangaren da ya tsage a wajen walda. Taron ya yi jinkirin awa ɗaya da rabi, an kuma zaftare mana kuɗi. Maigida ya ja ni bayan dandamali ya ce, "Wa ya ce ka sauke?" Na ce ban sani ba. Ya ce, "To, wa kake kallo?" Na yi shiru. Abin da ya faɗo mini a rai shi ne amalanken nan na hanyar Bonkuku.

Tun daga ranar na sauya yadda nake aiki, kuma ba wani abu ne mai wuya ba. Kafin in taɓa akwatin sai mun tsayar da mutum ɗaya da zai ba da umarnin motsi, kowa ya ji sunansa. Shi kaɗai ke cewa a hau ko a sauka. Amma "tsaya" ta kowa ce, ko mai shara ne ya faɗa sai in ɗaga yatsa, daga baya a tambayi dalili. Nakan bi makunnan da yatsa ɗaya bayan ɗaya ina faɗa da baki, bayan kowane motsi kuma in mayar da su duka tsakiya. Ba na motsa kaya sai na ga ƙarƙashinsu fayau, in kuma akwai gefen da ba na hange sai a tsayar mini da mai kallo a can. Wayata kuwa tana cikin jaka.

Akwai kuma wani tarko da ya fi damunmu a nan ƙasar, wato sauyin wuta. Injinan nan da wuta mai layi uku suke aiki, kuma jerin layukan ne ke nuna wa injin inda zai juya. In wuta ta ɗauke aka koma kan gurup, mai haɗa waya ya musanya layi biyu, to sama ta zama ƙasa, ƙasa ta zama sama. Mafi muni, ɗan makunnin da ke tsayar da inji in sarƙa ta kai ƙarshe na iya daina tsare ka, domin shi ma yana jiran motsin ta ɗaya ɓangaren ne. Don haka duk lokacin da aka sauya wuta, ko da minti biyar ne da gwajin baya, sai na ɗan taɓa inji ɗaya na ga inda ya nufa. Na sha jin ana cewa ai ɗazu ka gwada. Ɗazun ba da wannan wutar ba ce.

Turawa ma da suka ƙera kayan ba su tsira ba. A Jamus sun kasa injinan kashi uku: D8 wanda ba a barin kaya rataye da shi a kan mutane sai an ƙara wata igiyar ƙarfe ta tsaro, D8 Plus mai birki biyu wanda zai iya riƙe kaya a tsaye sama da jama'a, da C1 wanda shi kaɗai aka yarda ya motsa kaya alhali akwai mutane a ƙasa. Mafi yawan waɗanda na taɓa a nan na farkon ne, kwancen Turai, kuma sau nawa na ga an rataye su an tafi ba igiyar tsaro. A Hong Kong, ranar 28 ga Yulin 2022, wani ƙaton allon hoto ya faɗo kan ɗan rawa a wasan ƙungiyar Mirror, bincike kuma ya nuna nauyin da aka rubuta bai kai nauyin gaskiya ba. A jihar Indiyana ta Amurka, ranar 13 ga Agustan 2011, iska ce ta kayar da rufin dandamali, mutum bakwai suka mutu. Wanda ya san iskar da ke gaban hadarin farko a ƙasarmu, mai tafe da jar ƙura, ya san allon hoto a fili ba shi da bambanci da tabarmar da aka shanya. Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, aikinmu kawai shi ne ya sauko lokacin da muka so, a inda ba kowa.

Abin da ke ba ni haushi shi ne mai akwatin ne ƙarami a wurin, shi ne mai ɗan kuɗin yini, amma shi ake so ya ce wa mai babbar riga a dakata. Da yawa ba sa iyawa, kuma ban ga laifinsu sosai ba, domin gobe ba za a kira su aiki ba. Ni ma akwai wanda ya daina kirana.

Bara da na je gida na ga ana gina wani bene a hanyar Balleyara, sun kafa ɗan injin lantarki suna hawa da bulo. Yaron da ke riƙe da madannin na latsa waya da ɗaya hannun, masu kwaɓa siminti na kai da komo a ƙarƙashin kayan. Na sa direba ya tsaya, na je na yi masa magana. Ya ce, "To, Baba," ya sa wayar a aljihu. Ban sani ba ko ta daɗe a can bayan mun wuce.

Kawu ya tsufa yanzu, idonsa ya yi rauni, ya bar shiga rijiya tuntuni. Da dare muna zaune a ƙofar gida na ba shi labarin gadar da ta lanƙwasa, wanda ban taɓa gaya wa kowa a gida ba. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya tambaye ni ko yaron da ke ƙarƙashin ya san abin da ya faru. Na ce ba wanda ya gaya masa. Ya ce shi ma dutsen nan bai gan shi ba, ƙararsa kawai ya ji a cikin ruwa, dab da ƙafarsa.