Lamba 3 ba ta yara ba ce: zare a kan awon kayan tattarar Issey Miyake

1/ Tunda na saka hoton siket ɗin nan mai tattara, tambaya ɗaya ake ta jefo min a DM: "Lamba 3? Ai wannan na yara ne." Wata ma cewa ta yi in ji tsoron Allah in daina yaudarar mutane. To bari in yi bayani sau ɗaya, daga yau duk wadda ta tambaya wannan zaren zan tura mata. Ku gyara zama, da ɗan tsawo.

2/ Ga waɗanda ba su san ni ba, ɗaliba ce ni, aji uku, kuma gwanjo nake sayarwa daga ɗakin hostel. Da shi nake sayen data, da shi nake fotokwafi, da shi nake cin abinci in wata ya yi nisa. Duk kayan da aka dawo min da shi da sunan "bai yi min ba", a tukunyata ake ji. Shi ya sa maganar awo ba wasa ba ce a wurina.

3/ Sunan kayan Pleats Please, na Issey Miyake. Mutumin Japan ne, an haife shi a Hiroshima a 1938, ya rasu a watan Agustan 2022. Ko ba ku san sunansa ba kun san aikinsa: baƙar rigar nan mai dogon wuya da Steve Jobs ba ya rabo da ita, daga wurinsa take. Turaren L'Eau d'Issey ma nasa ne.

4/ A 1993 ya fitar da Pleats Please a matsayin layin kaya mai zaman kansa, amma tun ƙarshen shekarun 1980 yake gwajin tattarar. A 1991 ya yi wa 'yan rawar William Forsythe na Frankfurt a Jamus kayan wasa da ita. Ku riƙe wannan. Kayan da aka gwada a jikin mutanen da ke tsalle, suna murɗewa, suna ɗaga ƙafa sama, ba a yi su don su matse kowa ba.

5/ Yanzu asalin maganar. Yadda muka saba, yadi ake fara yi wa tattara, sannan tela ya yanka ya ɗinka. Shi Miyake juya abin ya yi. Ana yanka rigar, a ɗinke ta tsaf, amma ƙatuwa, ninki biyu zuwa uku na girman da za ta ƙare a kai. Sannan a shimfiɗa ta tsakanin takardu biyu, a tura ta cikin inji mai zafi ya danne ta.

6/ Tana fitowa ta tsuke, ta dawo 'yar siririya. Yadin foliyesta ne zalla, shi kuma foliyesta in zafi ya lanƙwasa shi ya huce a haka, to ya riƙe kenan. Shi ya sa ko an wanke tattarar ba ta warwarewa.

7/ Kun gane abin da wannan ke nufi? 'Yar rigar nan da kike gani a shimfiɗe kamar ta ƙanwarki 'yar firamare, akwai wata babbar riga naɗe a cikinta. Yadin bai tafi ko'ina ba, yana cikin ninkin. Kina sakawa zai buɗe daidai inda jikinki ya nema, sauran ya zauna a rufe abinsa.

8/ Don haka in kika ce min "auna min faɗin ƙirjin a shimfiɗe", zan auna miki, amma wallahi lambar ba za ta gaya miki komai ba. Kamar ki auna robar ɗaure kuɗi ne ki ce ba za ta zagaye bandir ba.

9/ Lambobinsu ƙanana ne, daga wajen 1 zuwa 5, kuma 3 ce ta fi yawa, musamman a riguna. Ba su da alaƙa da 10, 12, 14 na Ingila da muka saba gani a dila. Kar ki zauna kina lissafin wai 3 ita ce 12 ko 14, ba za ki fita ba. Galibi abin da ke canzawa tsakanin 3 da 4 da 5 tsawo ne. Faɗin yana ɗan motsawa, amma tattarar ce ke ɗaukar nauyinsa.

10/ A ɗakinmu mu huɗu ne. Ɗaya doguwa siririya kamar sandar rake (ta san ina faɗa), biyu matsakaita, sai ni da Allah Ya ba jiki. Riga ɗaya mai lamba 3 dukkanmu mun saka ta ta shiga. A jikin doguwar ne kawai ta gaza, ta tsaya mata a saman ƙugu, tana ɗaga hannu ciki a waje. Ita ce mai bukatar babbar lamba, ba ni ba. Har yau abin yana ba ta haushi.

11/ Amma kar wata ta ɗauka cewa nake yi kowace riga za ta yi wa kowa kyau. Shiga daban, kyau daban. In jiki ya cika rigar har tattarar ta buɗe gabaɗaya, to kin cinye abin da kika saya. Layukan sun baje, yadin ya zama shara-shara, ya lafe a jiki yana nuna komai. Abin da ake so, ko a inda kika fi cika, a ga ninkin da saura.

12/ Kuma ga wani abu da masu jiki irina ya kamata mu sani: inda yadi ya bi ta kan ƙirji ko mazaunai, tsawo yake ci. Siket ɗin da ya kai wa siririya idon sawu, mai tsayi ɗaya da ita amma mai ƙugu zai iya ɗage mata ta baya. To ko ke gajeriya ce, wani lokacin babbar lamba za ki nema don wannan kaɗai.

13/ Wuraren da ba sa yafiya guda uku ne a abin da na gani: robar ƙugu, zagayen hammata, da wuya. Tattara tana buɗewa sosai, roba kuwa tana da iyaka. In siket ne ko wando, abin tambaya shi ne nawa robar take a sake, nawa take in an ja ta har ƙarshe. In ba za ta wuce mazaunanki ba, zance ya ƙare, ko yadin ƙasa ya kai tanti.

14/ A gwanjo ma robar ce ke fara mutuwa. Yadin sai ya shekara ashirin garau, robar ta saki. Wannan kam tela zai iya canzawa in yana da haƙuri.

15/ Sannan ki duba ina layukan suka nufa. Yawanci a tsaye suke, daga sama zuwa ƙasa, irin wannan gefe yake buɗewa, tsawonsa kuma kusan yana nan yadda kika auna. Akwai masu layi a kwance, su tsawo suke ƙarawa, suna ɗan tsalle in kina tafiya, faɗinsu ne ba ya bayarwa sosai. Nan kam awon faɗi yana da amfani. Lamba ɗaya, hali biyu.

16/ Bari in ɗan kauce. Ni abin da ya sa na damu da kayan nan ba sunan mai su ba ne. Duk wadda ta taso da jiki a garin nan ta san zuwa wurin tela kafin sallah. Ya zagaya tef, ya ɗaga murya ya faɗa wa yaronsa lambar ya rubuta, shago cike da mutane. Sai wata goggo da ba ki ma sani ba ta ce "a'a, 'yan mata, a rage tuwo."

17/ Tun ina JSS nake tsanar jin lambata a bakin wani. Har na koyi riƙe numfashi in tef ya zo ƙugu, a ɗinka kaya su matse ni, in yi sallar a takure, in yi ta murmushi a hoto. Ranar da na fara saka rigar da lambarta ke maganar tsayina kawai, ban san yadda zan bayyana muku ba. Na tsaya gaban madubi na daɗe.

18/ Kuma da na karanta tunanin mutumin sai na ga ba baƙo ba ne a wurinmu. Duk rayuwarsa yana maganar tufa daga ƙyalle guda, da sararin da ke tsakanin jiki da yadi. Daga kimono ya taso, wadda a miƙe ake yanka ta, ba a bin lanƙwasar jiki. To mu fa? Zane yadi biyu ne. Amarya ta ɗaura, mai ciki wata tara ta ɗaura, kaka ta ɗaura. Wa ya taɓa tambayar lambar zane?

19/ Babbar riga ma haka. Faɗinta ba na jikin mai ita ba ne, naɗe ta yake yi a kafaɗa. Tsawo ake aunawa. Abin dariya, mu da muka gaji wannan mu ne muke tsorata da lamba 3, don mun saba da fitted gown ɗin da sai an riƙe miki zif mutum biyu.

20/ Maganar sutura, don an tambaya. Gaskiya rigunansu masu bin jiki suna bin jiki, babu ɓoye-ɓoye. Ni a ƙarƙashin abaya nake saka irinsu, ko da babban mayafi. Amma suna da masu faɗi, dogayen riguna da wanduna masu buɗaɗɗiyar ƙafa, waɗanda ba sa nuna komai. A nan yankan rigar za ki duba. Ƙara lamba ba zai mayar da matsattsen yanka ya zama sakakke ba, tsawo kawai za ki ƙaro.

21/ Yanayinmu kuma. Foliyesta ne, ba zan yi muku ƙarya ba, a zafin Afrilu na Kano ba zai zama atamfar auduga ba. Sauƙinsa ba shi da nauyi, kuma ninkin yana ɗan ɗaga yadin daga fata, iska na ratsawa. Da hunturu kuwa, da iska ta bushe, sai ya riƙa manne wa ƙafa yana ƙas-ƙas. Shimi na auduga a ciki da man shafawa a ƙafa suna rage abin.

22/ Yanzu da babbar murya: KAR A GOGE. Zafi ne ya sa tattarar, zafi ne zai cire ta. Wata da ta sayi riga a wurina, na gaya mata, na rubuta mata, ta haɗa da kayan wanki ta bayar. Mai guga ya ga abu a tattare, bawan Allah ya zage ya yi aikinsa da dutsen gawayi. Gaban rigar ya dawo sumul yana sheƙi, ya ninka bayan faɗi. Ba ta da gyara.

23/ Ta nemi in mayar mata da kuɗi, wai rigar ta buɗe. Ban mayar ba. Mun daina gaisawa a lakca.

24/ Wankinsa ruwan sanyi ne da sabulu kaɗan, kar a murɗe, a shanya a inuwa, kafin ki gama wanke kwanuka ya bushe. Ajiya kuma, ki bi layin tattarar ki naɗe shi kamar tabarma ki sa a jaka. Kar ki danne shi a ƙasan akwati da littattafai a kai. Ga 'yar hostel da ba ta da wardrobe kuma wuta sai an ga dama, kayan da ba sa son guga ni'ima ne.

25/ Wannan ya shafi awo kai tsaye in na hannu za ki saya. Rigar da aka taɓa sa wa zafi, ko aka shekara ana zama a kanta, tattarar mazaunai da gwiwa ta saki, ta fi lambarta girma a wurin kuma ba za ta koma ba. Ki ce a ɗauko miki hoton bayan a rana, ba gaban kawai ba. In layukan sun dushe a wuri ɗaya, ki rage kuɗi ko ki haƙura.

26/ Na gaske ko jabu? Sabo ɗaruruwan daloli ne, don haka wanda ya ce yana da dozin sababbi a leda a farashin atamfa, kun san amsar. Ni a shekara biyu ina tona dila a Kofar Wambai guda nawa na samu? Ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, sauran wata 'yar uwa ce ke turo min na hannu daga waje.

27/ Abin da nake fara dubawa ɗinkin gefe ne. Tunda an ɗinke kafin a danne, shi kansa ɗinkin yana cikin tattarar, ya lanƙwashe tare da ita. In kika ga zare ya bi ta kan ninki ya danne shi, yadin aka fara tattarewa. Wannan ba hujja ce ta ƙarshe ba, don wasu kamfanonin ma sun koyi dabarar, amma yana tace da yawa.

28/ Maza da ke leƙe, na gan ku. Naku sunansa Homme Plissé, an fara shi a 2013, tattararsa ta fi kauri. Wandunan da yawa da gangan aka yi su su tsaya a saman idon sawu, ba ƙanƙancewa suka yi ba. Ku auna wandon da kuka fi so daga ƙugu zuwa ƙasa ku gwada da nasu, kar ku tsaya kan lamba.

29/ In za ki saya a wurina ko a wurin wani, abin da za ki tura: tsayinki, inda kike so rigar ta tsaya (daga kafaɗa ki auna zuwa nan), da zagayen inda kika fi cika. Na ƙarshen ni kaɗai zan gani, ba na karanta wa kowa a shago.

30/ Wata ta tambaya ko za ta sayi yadi mai tattara a Kwari ta kai wa telanta ya yi mata irinsa. Za ki iya, kuma zai yi kyau, na ga masu kyau sosai. Amma wannan an tattare shi kafin a yanka, duk inda ɗinki ya bi ya kulle ninkin, kafaɗa da hammata da ƙugu ba za su buɗe ba. Ki ba shi cikakken awonki, ki ce ya bar sarari a hammata, kuma ki tsaya a kansa kar ya kai dutsen guga kan ɗinkin in ya gama, don hannunsu ya saba.