Gurasar Kunya

Akwai wata tambaya da malaman Yahudawa suka daɗe suna juyawa. In dai nufin Mahalicci da bayinSa alheri ne, me ya hana Ya zuba rayuka cikin ni'ima tun farko, kowa ya huta? Mene ne amfanin biyowa ta duniya, da yunwarta da ciwonta da jarrabawarta, kafin a kai ga abin da Mai shi ba Ya rasa ikon bayarwa kyauta?

Amsar da ta fi shahara a wajen masu ilimin asirinsu, wanda suke kira Kabala, kalmomi biyu ne na harshen Aramiya: nahama di-kisufa, wato gurasar kunya. Ana samun wannan tunani a rubutun Yusuf Karo, babban malamin shari'arsu da ya rasu a garin Safad a 1575. A fahimtarsa, kafin rayuka su zo duniya suna zaune ne kamar masu ci a teburin sarki ba tare da sun yi masa aikin komai ba. Abincin da daɗi, amma ba ya wuce maƙogwaro yadda ya kamata. Tushen maganar ya girmi Karo nesa ba kusa ba, domin a Talmud na Kudus an riga an lura cewa mai cin abincin wani ba ya iya ɗaga ido ya dubi fuskar mai ciyar da shi. Saboda haka, in ji su, aka sauko da rai duniya ya yi gumi, don ranar da za a miƙa masa lada ya karɓa da kai a ɗage.

Mu da muka tashi cikin harshen da ke da kalmar ci-ma-zaune ba ma buƙatar dogon sharhi a nan. Mun san yadda magidanci ke ƙanƙancewa idan ya shekara a gidan ɗan'uwansa ba sana'a, ko da kuwa ba wanda ya taɓa yi masa gori. Amma da muka ƙara tunani sai muka ga amsar, a yadda aka saba faɗinta, tana da rami. Wa ya halicci kunyar? Wanda Ya iya yin rai ai Ya iya yin sa ba tare da wannan nauyin ba. In kunya ce kaɗai matsalar, cire ta ya fi sauƙi a kan ƙirƙiro duniya sukutum da yaƙe-yaƙenta.

Wanda ya fi gamsar da mu a nan shi ne Musa Hayim Luzato, wanda aka haifa a Paduwa ta Italiya a 1707. Tun yana saurayi malaman zamaninsa suka sa shi gaba saboda rubuce-rubucensa na asiri, har ya koma Amsterdam a 1735, daga baya ya wuce Akka, inda annoba ta ɗauke shi bai cika shekara 40 ba. A littafinsa Derek Hashem ya juya maganar daga jin nauyi zuwa mallaka. Alheri mafi girma da za a yi wa bawa, a ganinsa, shi ne kusanci da Ubangiji, kuma kusancin nan ba na tafiyar ƙafa ba ne, na kamanceceniyar hali ne. Shi Ubangiji kamalarSa taSa ce, ba wanda ya ara maSa. To bawan da aka liƙa wa nagarta daga waje, kamar rigar aro ranar salla, bai yi kama da Shi ba ta wannan fuska. Sai an ba shi zaɓi, an ajiye shi inda zai iya karkata ko'ina, ya zaɓi gyara da kansa, sannan nagartar za ta zama tasa. Kunyar alama ce kawai, kamar zazzaɓi. Ainihin ciwon shi ne riƙe abin da bai zama jikinka ba.

Mu masu sana'ar rubuta manhajar kwamfuta mun san wannan ta wata ƙaramar ƙofa. Yau mutum na iya gaya wa na'ura abin da yake so, cikin daƙiƙa kaɗan ta zubo masa layuka ɗari masu aiki. Ba wanda zai san ba shi ya rubuta ba, saboda haka maganar kunya ba ta ma taso ba. Sai ranar da manhajar ta tsaya da tsakar dare, kuɗin mutane suka maƙale a ciki, sannan bambancin ke fitowa. Wanda ya sha wuya a kan kowane layi ya san inda zai sa hannu. Wanda aka miƙa wa yana kallon allon kamar baƙo a gidansa. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, gaskiya ne, amma abin da Luzato ke nunawa ya wuce haka: gudun ne ke mayar da mutum mafarauci, kuma wannan ba a iya ba da shi kyauta.

Sai dai tunanin nan yana da kaifi biyu, kuma a hannun mai ƙoshi yana iya zama bulala. Abu ne mai sauƙi a ɗauke shi a ce wa mabuƙaci ai taimakonka cutarwa ne, je ka nema. Malaman nasu ba su bi ta nan ba. Musa bin Maimun, likitan nan ɗan Kurɗuba da ya rasu a Masar a 1204, ya jera sadaka hawa takwas, kuma duk jerin an gina shi ne a kan kare fuskar mai karɓa. Bayarwar da mai bayarwa da mai karɓa ba su san juna ba tana can kusa da ƙololuwa. Wadda ta fi ta ita ce a ba mutum rance, ko a shiga haɗin gwiwa da shi, ko a samo masa aiki, har ya daina buƙatar kowa. Wato sanin cewa gurasar kyauta tana da ɗaci nauyi ne a wuyan mai bayarwa, ba hujjar rufe hannu ba.

Yahuda Ashlag, wanda ya rasu a 1954, ya zo da wani misali da kowane Bahaushe zai gane. Attajiri ya shirya wa baƙo liyafa, baƙon ya ƙi ci saboda nauyi. Mai gida ya yi ta roƙo, har baƙon ya fahimci cewa ƙin cin nan yana ɓata wa mai gida rai, cin kuma zai faranta masa. Da ya sa hannu a akushi don mai gida ya ji daɗi, sai karɓarsa ta koma bayarwa. Mun ga irin wannan sau nawa a zaure: a ce bismilla, baƙo ya ce alhamdu lillahi, a matsa, ya ɗan taɓa don kada a ji ba daɗi. A wannan karatun, aikin da aka turo mutum duniya ya yi ba tara lada ba ne kamar mai adashi. Sauya niyyar karɓa ne.

Kuma duk da wannan gini, al'adar tasu ba ta yarda lissafin ya rufe ba. Rashi, mai sharhin Attaura da ya rayu a Faransa ya rasu a 1105, ya tsaya a kan roƙon da Annabi Musa ya yi na a bar shi ya shiga ƙasar alkawari, ya ce salihai, ko da suna da ayyukan da za su kafa hujja da su, kyauta tsantsa suke roƙa. Musulmi zai tuna da abin da ya sani, cewa aiki shi kaɗai ba ya shigar da kowa Aljanna sai da rahama. Ƙarfin da aka yi gumin da shi ma ai ba saye aka yi ba. Wata tsohuwar ruwayarsu ta ce an zagaya da Musa taskokin lada, ana nuna masa ta masu kiyaye umarni, da ta masu renon marayu, ɗaya bayan ɗaya. Can ya hango wata babba ya tambayi ta wane ne. Aka ce masa mai abin kansa daga nasa ake biyansa, wannan kuwa ta waɗanda suka iso hannu biyu ce.